Silin baranda a Ƙofar Kabuga: aikin da maigida zai iya da kansa, da wanda ba nasa ba

Yarinyar da ke yawon talla gida-gida a lungunan bayan Ƙofar Kabuga ta fi kowa sanin gidan da barandarsa ke da silin, kuma ba sai ta ɗaga kai ba. In ta yi sallama tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu ta tarar da mata a baranda, wata na tsince shinkafa, wata na yi wa 'yarta kitso, yara sun baje a tabarma, to akwai silin. In ta tarar da wurin wayam, sai takalma da bokitai, to babu. Kwanon da ke sama ya kwashi rana tun hantsi yana juye ta a kan duk wanda ya zauna, mutanen gida sun watse, wasu ɗaki, wasu gindin darbejiya. A wannan wata zafin Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, kwano kuwa ba ya taɓuwa da hannu.

Baranda ita ce 'yar bora a ginin gida. Ana yi wa falo silin saboda baƙi, a yi wa ɗakin amarya saboda 'yan jere, da an zo kanta sai kuɗi su yanke, maigida ya ce a bari sai an samu sarari. Sararin yakan yi shekara goma bai zo ba. Alhali a nan ake zaman gida: nan ake cin tuwon dare, nan yara ke biya allo, nan ake shimfiɗa da bazara in ɗaki ya gagari kwana.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Katako daga kudu yake zuwa a tirela, saboda haka kuɗin gas na cikin kuɗinsa, kayan roba kuma dala suke bi. Ga shi kafinta mai babban aiki a hannu ba ya ɗokin barandar ƙafa shida. Zai ce maka gobe in Allah ya yarda, goben ta kai mako uku. Shi ya sa za ka ga malamin makaranta ko ma'aikacin ofis ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya ari tsani a maƙwabta, ya ce shi da yaransa za su yi ranar Asabar. Ban ga aibu a wannan ba. Abin da na gani shi ne yawanci hankalinsu yana kan fallen da za a manna, wanda shi ne mafi sauƙi a duk aikin, alhali abin da ke kayar da silin yana can sama da shi, inda ido ba ya kai wa.

Gidan da bai san silin ba

Ƙofar Kabuga tana yammacin ganuwa. Ta nan sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ya riga ya tafi Sakkwato. Yau wurin mahaɗar motoci ce, masu zuwa Jami'ar Bayero da masu nufar Gwarzo suna bi ta gadar ƙasa ba su ko waiwayi ganuwar ba. Birnin da Morland ya tarar na soraye ne, tubali da azara, kuma ba shi da matsalar da muke magana a kai.

Azara giginya ce aka faskara. Gara ba ta cika cinta ba, amma in tazarar da za ta haye ta wuce mita biyu ko kusa da haka, nauyin ƙasar da ke kanta sai ya lanƙwasa ta. Wannan iyaka ce ta haifi gwanintar magina: su jera ta a kusurwa suna rage fili hawa-hawa, ko su ɗaga bakan gizo, ko su yi ɗaurin guga in ɗakin babba ne. A bisa azara a shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba ƙasa. Abin da mai zama a ɗaki ke gani in ya ɗaga kai shi ne cikin rufin kansa. Wanda yake son ya gani da idonsa ya je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ko ya kai Zariya ya dubi masallacin Juma'ar da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina wajen shekarun 1830. Ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana ta riƙe shi, ba ta sako shi sai dare ya yi, lokacin da mutane dama a tsakar gida suke.

Amma soro yana da haraji, wato yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida zai sa a kawo ƙasa a jaki, a kwaɓa, ya hau sama shi da 'ya'yansa su toshe tsaga su share indararo. Gini na magina ne, masu sarkinsu da gadonsu, amma kula da rufi na mai gidan ne, kuma ya san kowane lungu na samansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka samu hanya. Sai dai ba su mamaye cikin birni sosai ba sai da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970. Ruwan Agustan 1988, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda ya kuma kwantar da gidajen ƙasa masu yawa, ya ƙara sanyaya gwiwar masu riƙe da soro. Kwano ya sauke wa mutane wahalar yaɓe, sai dai ya raba rufi gida biyu, ya bar wani duhu a tsakani da ba mai leƙawa sai ɓera da jemage. Aka yi zuriya guda ba ta taɓa hawa saman gidanta ba. Magidancin da ya ɗauko tsani yau aikin kakansa ya koma, ba wani baƙon abu ya kwaso ba. Sanin rufin ne bai gada ba.

A fara daga sama

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a tsaya a barandar da tsakar rana a kalli kwano daga ƙasa. Duk inda haske ya ɗigo, nan ruwa zai ɗigo. Yawanci ramin tsohuwar ƙusa ne da ta yi tsatsa ta saki, ko bakin falle biyu da ba su hau juna sosai ba. Muddin babu silin, yoyon ba ya ɓuya: an ga inda yake, an tara roba, an wuce wurin. Ranar da aka rufe, ruwan zai riƙa sauka a bayan silin yana bin katako, ya ɓullo a wani wuri dabam bayan wata biyu, katakon ya riga ya fara ruɓa.

Wurin da ya fi cin amana shi ne inda kwanon baranda ya haɗu da bangon ɗaki, sai kuma magudanar da ke bayan katangar sama. Kanawa suna son su ɓoye kwano a bayan katanga don gida ya yi kama da soro, ruwa ya fita ta bututu a madadin indararo. Kyau kam akwai. Amma duk rani iska na tara ganyen darbejiya da leda da ƙura a wannan magudana, ruwan farko ya zo ya tarar da hanya a toshe, ya taru ya koma ciki. Silin da yawa da aka zagi kafinta a kansu, ledar fiya wata ce ta kashe su.

Sai iska. Baranda a buɗe take ta gefe ɗaya, saboda haka guguwar farkon damina tana shiga ƙarƙashinta ta tura sama. In katakan rufin ba a ɗaure suke da bango da langa-langa ko rodi ba, a ɗaure su yanzu da ake ganinsu. A soka wuƙa a kowane katako. In ta nutse ba gardama, ko gari ya zubo, gara ta riga ku, kuma rataya sabon silin a jikinsa asarar kuɗi ce.

A kasuwa

Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, sauran kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Mai saye na farko yakan shiga 'Yan Katako yana tambayar kuɗi kawai, a ce masa Alhaji ga mai sauƙi, ya yi murna. Wanda ya sani kuwa yakan ɗaga katakon tu-bai-tu ya sa ido ɗaya a bakinsa ya bi tsawonsa da kallo, ya ajiye mai doro, ya jinjina nauyinsa. Wanda ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa ɗanye ne. In aka kafa shi haka, hunturu zai busar da shi a sama, ya murɗe ya ja silin ya tsaga. Gara a saye shi da wuri a jera shi a inuwa, a kwance, ya sha iska mako biyu. Sannan a shafe shi da maganin gara. Masu hali suna sayen Solignum, wasu kuma baƙin mai suke karɓowa wurin bakanike. Yana aiki gwargwado, amma yana wari da zafi, kuma yakan huda farin silin ya bar tabo.

Fallen silin kansa iri-iri ne, kuma ba duk wanda ya dace da falo ne ya dace da baranda ba.

Silin roba, wato PVC, shi ne abokin mai aikin kansa. Ba nauyi, wuƙa ko ƙaramin zarto na yanka shi, bakin kowane falle yana shiga bakin ɗan'uwansa, ruwa ba ya cinsa, in ya yi ƙura a goge da tsumma. Aibinsa zafi. Sirara masu arha suna yin ciki a ƙarƙashin kwanon Kano tun bazarar farko, araha kuwa ba ta ado. Babbar maganar ita ce girki. Gidaje da yawa a baranda ake hura gawayi ko a kunna risho da damina. Roba tana narkewa, in ta kama wuta hayaƙinta guba ne mai shaƙe numfashi. Gidan da ake girki a baranda, a ganina, bai kamata ya sa ta ba, ko a ce a bar ɓangaren murhu.

POP shi ake yayi, kuma a falo ya cancanci yayin. A baranda fa? Farar hoda ce da aka kwaɓa da ruwa, kuma ba ta daina son ruwa ba. Feshi ya taɓa ta sau uku sai ta yi rawaya ta fara zubowa, ga nauyi. Ba kuma aikin koyo ba ne. Masu yinsa da kyau, da yawansu 'yan Kwatano da Togo, shekaru suka yi suna bin ubangida. Filawud yana da kyau in an shafa masa fenti ciki da baya, amma bakinsa na buɗewa da laima.

Saura farin falle mai ƙafa huɗu-huɗu da kowa ke kira asbesto. Sababbin da manyan kamfanoni ke yi yanzu siminti ne da wani zare dabam, suna jure zafi da wuta, kuma sun dace da baranda. Tsofaffin su ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbesto yana haddasa sankara, cutar kuma takan yi shekara ashirin zuwa arba'in kafin ta bayyana. Ingila ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Tsohon falle da ke zaune lafiya da fentinsa ba ya cutarwa sosai. Ƙurarsa ce matsala. Wanda zai sauke silin da aka sa a shekarun 1970 ko 1980, ya kori yara daga wurin, ya jiƙa fallen da ruwa, ya rufe hanci da baki da kyau, ya zare ƙusa ya sauke shi ɗungurungum ba tare da ya fasa ba. Kada a yanka shi da inji, kada a share garinsa da busasshiyar tsintsiya, kada kuma a bar wa yara gutsattsarinsa su yi 'yar carafke ko allon wasa da shi, wanda kowa ya san ana yi.

Lissafi da tiyo

A ɗauki barandar da aka fi samu, faɗi ƙafa 6, tsawo ƙafa 16. In falle mai ƙafa huɗu-huɗu za a sa, guda 4 za su tafi a layi ɗaya, saura tsiri mai ƙafa 2 wanda falle 2 da aka raba biyu za su rufe. Shida ke nan, a sayi 7, domin ɗaya sai ya fashe a hanya ko a hannu. Firam ɗin da zai ɗauke su raga ce ta tu-bai-tu, tazarar ƙafa biyu-biyu: layi 4 a tsawo, ƙafa 64, layi 9 a faɗi, ƙafa 54. Jimla ƙafa 118, wato katako 10 masu ƙafa 12, a ƙara 3 ko 4 na rataya da na ɓarna. In roba ce, katakan suna tafiya ta fuska ɗaya su gitta fallen, amma a matso da su kusa, ƙafa ɗaya da rabi, saboda zafin nan namu.

Sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, barandar a daidaice take. A cikin birni da wuya su zo ɗaya, domin gidajen a kan tsohuwar iyakar gado aka tayar da su, bango na bin lungu duk inda ya karkata. Sanin haka tun farko shi zai sa a tura yankakken falle can gefen da ido ba ya faɗawa.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne fitar da layi, kuma kayansa bai wuce siririn tiyo mai haske da ruwa ba. A cika tiyon, a tabbata babu kumfar iska a ciki. Uba ya riƙe baki ɗaya a jikin bango inda ya yi alama da fensir, ɗa ya ja ɗaya bakin zuwa ƙarshen baranda. Ruwan zai yi ta rawa, sama da ƙasa, sai a jira. Yaro ya ce, Baba, ya tsaya? Uban ya ce ɗan ɗaga, ɗan sauke, yawwa, zana nan. Inda ruwa ya kwanta a baki biyun tsayinsu ɗaya ne, ko da daɓen ƙasa ya karkace, ko da kwanon ya gangara. A bi kusurwa huɗu haka, a ɗauki igiya a turmusa ta a bula, a ja ta tsakanin alamomin, a ɗaga tsakiyarta a saki. Ta bar shuɗin layi a bango. Duk kyawun silin daga layin nan yake. Wanda ya auna daga daɓe ko daga kwano ya kwafi karkatar magini ne ya kai ta sama.

Daga nan aikin ƙarfi ne. A kafa katakon gefe a kan layin da ƙusar kankare, a ja igiya daga gefe zuwa gefe don na tsakiya su bi ta, a rataye su da gajerun katakai a jikin katakan rufi. Kada a bar tsakiya ta dogara da bango kawai. Manna falle aikin mutum biyu ne, ko uku, ɗaya na tallafe da kai da hannu ɗaya na bugawa. A bar ɗan sarari kaɗan a bakin roba inda ta haɗu da bango, domin tana miƙewa da rana ta koma da dare. In an matse ta za ta kumbura. Abu biyu kuma kusan kowa na mantawa. Na farko ƙofar leƙawa, falle ɗaya da za a iya ɗagawa a shiga sama. Na biyu hanyar iska: 'yan tagogi a gefe ko a bakin rufi, a rufe su da ragar waya saboda tsuntsu da ɓera. In aka toshe sararin ruf, zafi zai taru a ciki ya dafa silin, da la'asar ya sauko.

Wuta ba ta maigida ba ce

Nan ne nake raba hanya da masu cewa komai a yi da kai. Waya da za ta bi ta cikin silin a kira mai wayarin ya ja ta, a cikin bututu, kafin a rufe. Ɓera yana son bawon waya, haɗin da aka naɗe da leda yana saki da zafi, busasshen katako da ya sha baƙin mai kuwa jira yake. Kuɗin mai wayarin na rabin yini ba wani mai yawa ba ne. Fanka kuma ba a rataye ta a tu-bai-tu; ƙugiyarta ta rodi ce, daga babban katakon rufi take saukowa.

Ko ƙwan fitila kawai za a cire, a kashe wuta daga babban makunni. Cewa ai masu lantarki sun ɗauke ba hujja ba ce, suna iya kawowa hannunka na kan waya. Gidan da ke da sola ko janareta, a kashe nan ma. Tsani kuma a samu na gaske wani ya riƙe; benci a kan durom, ko jarka a kan teburi, su ne ke kai magidanta asibitin ƙashi na Dala a kan aikin da bai kai ya kawo ba.

Mai zaman haya ya yi magana da mai gida tukuna, a san ko za a cire kuɗin a haya, domin silin ba ya bin mutum in ya tashi. A gidan gado kuwa, inda baranda ɗaya ta ratsa ƙofar ɗakin yaya da na ƙane, maganar wa zai biya takan fi aikin kansa tsawo, kuma gara a gama ta kafin katako ya iso ƙofar gida.

Lokacin aikin shi ne bayan hunturu ya ja baya, Fabrairu zuwa farkon Afrilu, katako ya bushe, hadari bai fara haɗuwa ba, kuma da safe, kafin kwano ya ɗauki zafi. Fenti dai a dakata da shi. A bari ruwa mai ƙarfi ya sauka sau ɗaya ko biyu a watan Yuni, a ɗaga ƙofar leƙawa a haska tocila a bi katakan ɗaya bayan ɗaya. In a bushe suke, a sayo fenti.